"Hajiya Tana Da Hanya": Naka Shi Ke Ba Da Kai

Yau kam ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, kuma ina neman afuwa tun kafin in fara, domin na san da wuya a rasa wani cikinku wanda uwarsa ko yayarsa ko surukarsa ke cikin sana'ar da zan taɓa. Ni ma akwai tawa a ciki, shi ya sa na daɗe ina haɗiye maganar. To amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, kuma shirun nan da muke yi shi ne babban jarin masu wannan sana'a.

Duk wanda ke zuwa gidan biki ko zaman makoki a Mada, ko Tsafe, ko Bunguɗu, ko cikin garin Gusau, ya san wata magana da ake faɗa ƙasa-ƙasa: "Hajiya wance tana da hanya." Ba sai an yi wa kowa fassara ba. Ana nufin tana iya fitar da mutum Saudiyya ya je ya yi aiki, ko tana da ɗa a Jidda, ko ƙane a Dubai, ko wani ɗan uwan miji a Agadas da ya san direbobin Libiya. Da zarar an faɗi wannan magana sai ka ga hankalin mutane ya kwanta tamkar an nuna musu takardar ɗaukar aiki mai hatimi. Babu mai tambayar wane irin aiki ne, a gidan wa, nawa ne albashi, wa zai biya kuɗin dawowa. Ai tamu ce, shi ke nan.

To ni abin da na zo in faɗa yau shi ne, wannan "tamu ce" ita ce ramin da 'ya'yanmu ke faɗawa. Sanayyar da muke ɗauka garkuwa, ita ce ke raba matafiyi da duk wata garkuwa da yake da ita. Ku yi haƙuri ku ji dalilina kafin ku fara zagi.

Akwai 'yar gwaggona a Mada wadda 'yan bindiga suka kashe mijinta a hanyar gona, suka bar ta da yara uku. Tun tana cikin takaba wata Hajiya da muke da dangantaka da ita ta zo ta'aziyya, ta yi kuka har da majina, sannan ta ja Gwaggo gefe ta ce in yarinyar ta fita takaba a ba ta ita, za ta kai ta Makka ta yi aikatau na shekara biyu ta dawo da jarin da za ta riƙe marayunta. Aka sayar da gonar gado da bijimin huɗa guda, aka damƙa wa Hajiya kuɗi. Da labari ya iske ni a Gusau na taso na zo, na durƙusa na gaida Gwaggo, na ce mata ina son in ga takardar aikin da sunan mutanen da za ta yi wa aiki. Gwaggo ta dube ni shekeke ta ce, "Kai ɗan nan, takardar mi? Hajiya ai tamu ta, ba baƙuwa ta ba. In ba ka iya taimako, to kak ka ɓata muna." Da maganar ta kai kunnen Hajiya sai ta aiko a gaya mini wai ita tana kai mutane tun ba a haife ni ba, in boko ne ke ɗiba na in je in samo wa yarinyar aikin ofis. Na yi shiru, kuma wannan shirun yana cikin abubuwan da nake neman gafarar Allah a kansu.

Aka kai ta Kano, ta yi makonni a wani gida tare da wasu mata suna jiran biza, sannan aka ɗora su a jirgi da bizar Umra. Ranar da ta sauka ɗan Hajiya ya karɓe fasfonta wai don kada ya ɓace. Aka kai ta wani gida aiki, tun asuba har tsakar dare, albashi kuwa hannun ɗan Hajiya yake zuwa, domin wai ana cire bashi. Wane bashi? Ashe kuɗin gona da na bijimi wai kafin alƙalami ne, sauran kuɗin biza da tikiti da abincin Kano duk an rubuta mata su a wani littafi da ba ta taɓa gani ba. Ta fi shekara ba ta aiko ko sisi gida ba. Da wuya ta yi wuya ta gudu, ba a jima ba 'yan sanda suka kama ta a titi ba fasfo ba iƙama, aka kai ta gidan tsare baƙi na Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda, daga can aka maido ta da kayan jikinta da 'yar leda. Hajiya ta zo yi mata barka da sauka har da tsarabar dabino. Da na ce a kai ƙara, dattawan gida suka ce a bar wa Allah, kada a ɓata zumunci. Kafin shekara ta zagayo Hajiya ta sake fita da wasu mata biyu daga unguwa ɗaya.

Yanzu ku duba abin da sanayya ta ƙwace wa wannan baiwar Allah. Abu na farko ta ƙwace mata tambaya. Da baƙo ne ya zo daga Legas ya ce a ba shi kuɗin gona zai kai 'yarmu aiki, wallahi da sai mun yi masa tambayoyin kabari, da sai mai unguwa ya gan shi, da sai an bi shi an ga gidansa. Amma da yake tamu ce, tambaya ta zama rashin kunya. Abu na biyu ta ƙwace mata takarda, domin a wajenmu neman rubutu tsakanin 'yan uwa kamar zargin sata ne. Abu na uku, wanda ya fi duka ciwo, ta ƙwace mata ƙara. Wanda baƙo ya cuta yana iya zuwa gaban alƙali da ƙarfin gwiwa, amma wanda 'yar uwar kakarsa ta cuta, duk dangi za su taru a kansa ya zama shi ne mai laifi. Masu wannan sana'a sun san haka sarai, shi ya sa ba sa farauta sai cikin danginsu da maƙwabtansu. Da ɗan gari akan ci gari.

Bari in bayyana yadda abin yake, saboda waɗanda ba su sani ba. Ƙofa biyu ce ake shiga Saudiyya da ita don neman aiki. Ta farko ita ce bizar aiki, inda sunan wanda ya ɗauke ka, wato kafili, yake rubuce, a yi maka iƙama wadda ita ce shaidar zamanka bisa doka. Ko ita wannan ƙofar tana da ƙayoyinta, domin an yi shekaru ma'aikaci ba ya iya sauya wurin aiki ko barin ƙasar sai da yardar kafilinsa, kuma gyaran da hukumomin ƙasar suka yi a watan Maris na 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba a lokacin. Amma dai mai iƙama yana da suna a littafin hukuma, yana da inda zai kai kuka. Ƙofa ta biyu ita ce a shiga da bizar Umra ko ta ziyara, wadda ba ta halatta aiki ba, in wa'adinta ya ƙare mutum ya laɓe. Wannan ita ce ƙofar mafi yawan masu "hanya". Duk wani gyaran doka da za a yi wa ma'aikata a can ba zai amfani wanda ya shiga ta nan ba, tunda a idon hukuma shi mai laifi ne. In an hana shi albashi ba shi da bakin magana, in ya yi ciwo tsoron asibiti yake, in ya ga motar 'yan sanda sai ya canza titi. Ƙarshensa tarhil, a ɗauki hoton yatsunsa, a hana shi komowa na tsawon shekaru, har aikin Hajjin da yake buri ya shiga cikin haɗari.

Ba ƙirƙira nake ba. A watan Janairun 2021 an kwaso 'yan Nijeriya sama da 800 daga Saudiyya aka sauke su a Abuja. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 hukumomin Jidda suka rushe unguwanni masu yawa, ciki har da Karantina da Sabil inda Takaru suka daɗe suna fakewa, wato hatta inuwar da ake laɓewa a da ta ragu. Amma har gobe Hajiya tana ba da labarin Jiddar da ta sani shekara talatin baya, mu kuma muna gyaɗa kai.

Na san lissafin da ke ruɗar mu, kuma ba zan ce ƙarya ba ne. Riyal 3.75 ke yin dala guda, kuma a 2024 dala ta haura naira 1,500, wato riyal ɗaya ya kai wajen naira 400. A ce an yi wa mace alkawarin riyal 800 a wata, ka ga ta tashi da naira 320,000, fiye da ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Wace bazawara mai marayu uku za ta ji wannan zuciyarta ba ta motsa ba? Sai dai wannan rabin lissafin ne. Ɗaya rabin, wanda ba a faɗa a gidan makoki, shi ne hannun wa kuɗin zai fara shiga, nawa za a cire, wata nawa za a yi ana cirewa, kuma wa zai tsaya mata in an hana ta gaba ɗaya. Tsakanin Mada da gidan Balaraben akwai hannuwa da yawa: mai kawo mutum, mai masauki a Kano, mai nemo biza, mai tarba a filin jirgi, mai rarraba mata gidaje. Kowane hannu yana da kasonsa, kuma duka daga guminta za a fitar. Sau da yawa Hajiyar da muka sani ita ce ƙaramar cikinsu, ladan kai take karɓa kamar dillalin awaki, wani lokaci ma ita kanta haka aka yi mata a farko. Wannan yana sa in tausaya mata, amma ba ya wanke ta.

Kada maza su ɗauka da mata kaɗai nake. Saurayi yana zaune a majalisa sai abokinsa na makaranta ya bugo masa waya daga Ghana ko Kwaddibuwa ko Burkina Faso, ya ce ya samo masa aikin kamfani ana biya da dala, ya turo kuɗin rajista ya taho. A sayar da babur, a ranto na ranta. In ya isa sai ya tarar da ɗaki cike da samari irinsa suna kwana a tabarma, babu kamfani babu aiki, sai dai a ce masa hanyar da zai fanshe kuɗinsa ita ce shi ma ya kira mutum biyu ko uku daga gida. Wa zai kira? Wanda ya yarda da shi mana, ƙanensa ko ɗan baffansa ko amininsa. A nan ne abin ya fito tsirara, domin hajar da ake saye da sayarwa ita ce yardar da ke tsakaninmu, ba wani abu ba.

Masu bin sahara kuwa labarinsu ya fi ƙarfin hawaye. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawawwaki 92 a hamadar arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da ƙananan yara, mafi yawa daga yankin Kance na jihar Damagaram, Hausawa 'yan uwanmu, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. A watan Nuwamban 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna wa duniya yadda ake gwanjon baƙaƙen fata a Libiya. A watan Afrilun 2020 wani mutum a Labanan ya sa hoton fasfon wata 'yar Nijeriya mai aikin gida a Facebook yana neman mai saye a kan dala 1,000. Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, sojojin da suka karɓi mulki suka soke ta a watan Nuwamban 2023, amma da doka da babu doka rairayi bai daina cin mutane ba. Ku tambayi duk wanda ya dawo daga waɗannan wurare wa ya nuna masa hanya, da wuya ya ce muku baƙo ne.

To na san abin da wani zai ce, domin an sha faɗa mini. Za a ce ai Bahaushe tun fil azal da sanayya yake tafiya, kakanninmu ba su san fasfo ba suka cika duniya. Gaskiya ne, kuma ina alfahari da hakan. Fatake sun bi madugu har Salaga da Kumasi sayen goro. Bayan yaƙin Burmi a 1903 mutanenmu sun bi Mai Wurno har bakin kogin Nilu a Sudan, kuma alhazan ƙafa sun yi shekaru suna aiki a gonakin audugar Jazira suna tara guzurin ƙarasawa Makka. Mutanen ƙasar Sakkwato da Zamfara kuwa ba a gaya musu cin rani. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya rubuta yadda maigida yake saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya tsaya masa a cinikin shanu da goro, har a ba da dukiya mai yawa bashi ba tare da rubutu ba. Duk wannan sanayya ce.

Amma ku dubi bambancin. Madugu yana cikin ayarin, in ƙishirwa ta kama fatake shi ma ta kama shi, in 'yan fashi suka tare hanya shi ne a gaba. Maigidan zango yana zaune a wuri ɗaya da gidansa da iyalinsa, ga sarkin zango a kansa, kuma duk arzikinsa ya dogara ga sunansa. Ranar da ya ci amanar baƙo ɗaya, labari zai riga shi isa kasuwa, ba mai sake sauka gidansa. Wato a wancan tsarin cin amana yana da farashi, kuma maci amanar ne ke biya. Ɗan cin rani kuma da ƙafarsa ya tafi, da ƙafarsa yake dawowa in damina ta faɗi, babu mai riƙe masa takarda. Yau fa? Mai hanya tana kwance a ɗakinta a Gusau, yarinya tana bayan teku a gidan da ba ta san sunan unguwarsa ba, cikin harshen da ba ta ji. In abu ya ɓaci mai hanya ba ta asarar komai, ko gaisuwar da ake mata a gidan biki ba ta raguwa. Mun riƙe sunan tsohon tsari mun yar da hukuncinsa. Wanda ya kwatanta Hajiya da madugu ya ci mutuncin madugai.

Wai shin laifin na masu hanya ne su kaɗai? Ko kusa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai laifin waɗanda suka dawo, waɗanda suka sha baƙar wuya amma kunya ta hana su faɗa, sai su sa haƙorin Makka su fesa turare su bar na baya suna ganin kitse a jikin rogo. Wadda ta dace guda ɗaya ta gina gida, kowa ya gani yana nuni, tara da suka dawo hannu rabbana suna cikin ɗaka ba mai ƙirga su. Akwai laifin iyaye da mazaje da 'yan uwa maza, waɗanda in za su sayi akuya sai sun buɗe bakinta sun duba haƙora, amma su miƙa 'yarsu ba tambaya, har wani ya riƙa ƙirga kwanakin da za a fara aiko masa. Akwai laifin malamanmu da ke jin kunyar taɓa maganar a mumbari saboda an haɗa ta da sunan ƙasa mai tsarki, alhali kuwa shiga da sunan Umra da niyyar laɓewa yaudara ce tun daga tushe, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Jihar da ta riga kowace ƙaddamar da shari'a a 1999, a ce a cikinta ne neman a rubuta yarjejeniya ya zama abin kunya? Kai jama'a!

Sannan akwai laifinmu mu marubuta, kuma a nan ba zan ware kaina ba. Littafi nawa muka rubuta inda jarumi talaka yake shan wulaƙanci a gidan su budurwa, sai kawai wani kawunsa ya kira shi Dubai ko Jidda, a babi na gaba ya dawo da jerin motoci? Ba mu taɓa gaya wa mai karatu wace biza ya shiga da ita ba, wane aiki ya yi, a ina ya kwana. Mun mayar da ƙasar waje wata rijiyar kuɗi wadda guganta kawai shi ne ka san wani. Yarinyar da ke karanta mu a Wonaka ko Kwatarkwashi ba ta da wani hoton ƙasashen nan sai wanda muka zana mata mu da masu fim. In mun iya ɓata shafi goma muna siffanta falon Alhaji, me zai hana mu ba da shafi biyu ga ɗakin da 'yar aiki ke kwana?

Yanzu ga magana mafi nauyi da ake jifa ta da ita, kuma ba zan kauce mata ba. Ana cewa, to malam mai alƙalami, so kake su zauna su ci me? Gona ta gagara shiga sai an biya 'yan bindiga, wani wurin ko an biya ba a tsira ba. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta Tsafe kowa ya san da addu'a ake bin ta. Masaƙar Gusau da ta ɗauki iyayenmu aiki ta daɗe da yin shiru, jirgin ƙasan da ya isa Ƙauran Namoda tun 1929 yana kwasar gyaɗa da auduga ya zama labari. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya da kasuwannin mako a faɗin jihar, mai ƙaramin jari ya cinye jarinsa. Aka zo 2023 aka cire tallafin mai, kuɗin mota da na masara suka tashi. Duk na yarda, kuma mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Ban ce kowa ya zauna ba, tafiya neman halali ba laifi ba ce, kuma na san akwai mutanen kirki da suka jawo 'yan uwansu ta hanyar gaskiya suka tsaya musu har suka tsaya da ƙafarsu. Allah Ya saka musu. Amma irin waɗannan ba sa jin haushin tambaya, su ne ma ke fara nuna maka takarda. Kuma wannan halin ƙuncin da ake kafa hujja da shi, shi ne ya sa cutar ta fi muni. Wanda ya karɓi kuɗin gonar marayu ya san ba su da wata, ya tura uwarsu inda ya san ba ta da kariya, me ya raba shi da wanda ya tare mijinta a hanyar gona, ban da cewa shi da sallama ya shigo?

Hukuma ma ba ta fita ba. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta wajabta wa mai ɗaukar mutane aiki zuwa wata ƙasa ya mallaki lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. An kafa hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane tun 2003, tana da ofisoshi a Sakkwato da Kano, an kuma sabunta dokarta a 2015. Amma mutum nawa ne a kasuwar Mada suka taɓa jin cewa yaudarar mutum a kai shi aikin bauta laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, ko da mai yin 'yar uwarsa ce? Dokar da ba ta zo cikin Hausa a rediyo da masallaci da fadar hakimi ba, ta masu Turanci ce kawai.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, ba na gwamnati ba, namu na cikin gida. Duk wanda ya zo maka da hanya, ko uwa ɗaya uba ɗaya kuke, ka yi masa tambaya biyar a gaban shaidu. Wace irin biza ce, ta aiki ko ta Umra ko ta ziyara? Mene ne sunan wanda za a yi wa aikin, a wane gari, kuma ina yarjejeniyar a kai wa wanda ya iya karatu ya karanta? Nawa ne duka kuɗin da za a kashe, nawa ne bashi a ciki, wata nawa za a yi ana biya? Hannun wa albashi zai shiga, kuma hannun wa fasfo zai zauna? In abu ya ɓaci, wa zai biya kuɗin dawowa? A rubuta amsoshin, mai hanya ya sa hannu, mai unguwa da liman su shaida, a ajiye hoton fasfo da na biza a gida. In ya amsa da sakin fuska, to a yi addu'a a sa albarka. In kuwa ya ɓata rai ya ce ba a yarda da shi ba, to ya riga ya ba ka amsa, ka riƙe gonarka.

Kuma don Allah mu daina rufe bakin waɗanda suka dawo. Su ne malamanmu a wannan fage, a bar su su faɗi abin da suka gani ba tare da an yi musu gori ba. Wanda aka cuta in ya ce zai kai ƙara, a raka shi, kada a taru a kansa da sunan zumunci. Zumuncin da ba ya rayuwa sai an binne haƙƙin maraya a ƙarƙashinsa, ban san wane littafi ya yi umarni da shi ba.

'Yar gwaggona tana nan a Mada tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, gonar kuwa wani ke nomanta. Gwaggo har yau in ta haɗu da Hajiya a gidan suna sai ta gaishe ta da fara'a, kuma na san in wannan rubutu ya kai gida ni za a kira a yi wa faɗa, a ce na tona asirin dangi. Na ɗauka. Na yi shiru sau ɗaya na ga abin da ya haifar.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da Arewa baki ɗaya, Ya buɗa mana a inda muke, waɗanda ke tsare a ƙasashen mutane Ya maido su gida lafiya. Wanda na ɓata wa ya yafe ni, wanda ya tsargu kuma ya gyara.